Wuyan Aro

Duk wanda ya taɓa zuwa buga takarda a shagon da ke kallon ƙofar kwalejin ya san matan nan biyu, sai dai ba kowa ne zai iya rantsuwa da wacce ya yi magana ba. Ba tagwaye ba ne, akwai 'yan shekaru a tsakaninsu, amma kama kamar an tsaga kara. Tsayi ɗaya, hanci ɗaya, tabarau iri ɗaya, har da yadda suke lasar yatsa kafin su ɗaga takarda. Babbar, kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka isa haihuwarta. Ƙaramar kuwa, tun ranar da suka sayi injinsu na farko wani ɗalibi marar kunya ya laƙaba mata Kwafi, wai kwafin yayarta ce, sunan ya bi ta, har mijinta idan ya sha'afa haka yake kiranta. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce ka yi ƙorafin takardarka ta fito da baƙi-baƙi. Idan aka ba ka haƙuri, Kwafi ce. Idan aka tambaye ka ko kai ka sayi tawadar, to da Yaya kake magana.

Ciwon ma bai bambance su ba. Kwafi ya fara kamawa: gajiya ba gaira ba dalili, jin sanyi ana tsakiyar zafi, gashi yana bin mataji, ga ƙiba alhali ba wani cin kirki take yi ba. A asibiti likita ya yi mata bayani cewa akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, ita ke saita wa jiki saurinsa. Sojojin jikinta, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, su suka rasa abokin faɗa suka juya kan tsokar nan suna ta kirɓa. Da ta dawo ta ba da labari, Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe sojojin ma halin uwargijiyarsu suka ɗauko, ba su san maƙiyinsu ba. Ba a rufa shekara ba aka iske Yaya da rana tsaka ta rungume injin lamineshin tana barci, saboda ɗuminsa. Aka gwada jininta, aka samu ciwo iri ɗaya. Kwafi suwaita kawai ta saya mata, ta miƙa mata a gaban ɗalibai.

Maganin ba wahala, ƙwaya ɗaya ce da safe kafin a sa komai a baki. Wahalar tana wajen komawa asibiti sau biyu a shekara, a ɗebi jini, a yi wa wuya sikanin. Asibiti kuwa wuni guda yake cinyewa, Yaya kuma tana da doka ɗaya da ba ta da ɗaukaka ƙara: shago ba ya rufewa. Zuwan farko da suka yi tare, sun dawo sun tarar ɗalibansu sun yi layi a shagon wani mutum da ke tsallaken titi, kuma Yaya ta yi mako guda tana kallon shagon nan kamar shi ya sa mata ciwon.

Daga nan ta yanke hukunci. Ta ce uwa ɗaya, uba ɗaya, ciwo ɗaya, ƙwaya ɗaya, don haka wuya ɗaya ya isa a riƙa nuna wa likita. Za su yi karɓa-karɓa, wadda ta je ta kawo labari, su biyu su yi aiki da shi. Da katin Kwafi za a yi, domin na Yaya ya riga ya rasu: ta so ta yi masa lamineshin don kada ya yage, injin ya yi zafi da yawa, katin ya fito a nannaɗe. Kwafi ta san abin bai yi kama da hankali ba. Amma tunda take ba ta taɓa cin Yaya a gardama ba, matar da ta goya ta, ta yi mata kitso, ta kai ta makaranta da bulala a hannu. Kuma a faɗi gaskiya, ita ma abin ya yi mata daɗi, an rage mata rabin zaman benci.

Haka aka yi ta tafiya, babu wanda ya lura. Likitoci suna canzawa, marasa lafiya sun fi ƙarfin ido, masu sikanin kuma wuya suke kallo, ba fuska ba. Abin da kawai ya dami asibiti shi ne jinin matar nan mai hawa da sauka, wannan zuwan a ce a ƙara magani, wancan a ce a rage. Duk likitan da ya duba fayil ɗin sai ya zarge ta da wasa da ƙwaya. Wadda ta je ranar ita ke sunkuyar da kai ta sha faɗan a madadin gida.

Zuwa na ƙarshe na Yaya ne. Ta dawo ta ajiye jaka ta ce an ce wuyansu lafiya lau. Sai dai bayan nan Kwafi ta ga wasu abubuwa da ba ta saba gani ba. Yaya ta fara naɗa gyale a wuya ko da ana gumi. Ta daina zagin janareta. Akwai ranar da wani ɗalibi ya yi ƙorafin tawada, Yaya ta ba shi haƙuri, yaron ya fita yana cewa sai an jima Anti Kwafi. Kwafi ta ɗauka tsufa ne ya fara ladabtar da ita, har ta yi wa Allah godiya a zuci.

Ana haka wata safiya, ana tsakiyar hidimar 'yan ajin ƙarshe masu buga kundin bincike, Yaya ta ce mata gobe akwai asibiti, kuma ita Kwafi ce za ta je. Ba ta ma ɗago daga takardun da take jerawa ba. Kwafi ta ce ai ba a daɗe da zuwa ba, ya aka yi lokaci ya zagayo da wuri haka? Yaya ta ce sun canza tsari, ta kuma tambaye ta ko asibitin nata ne da za su nemi izininta. Maganar ta mutu a nan.

Tun daga wajen miƙa kati Kwafi ta ga ranar ta bambanta. Ba a bar ta ta ɗumama benci ba, nas ta kira ta, ta bi da ita ta gaban ɗakin da ta saba shiga ba su tsaya ba, ta kai ta wani na can ƙurya. A hanya ta tambaye ta ko tana shan wani maganin da ke tsinka jini, da kuma ko ta zo da ɗan rakiya. Kwafi ta ce ita ba ta taɓa buƙatar rakiya don a shafa mata mai a wuya ba. Nas ɗin ta dube ta da girmamawa, ta ce lallai Anti jaruma ce.

Ɗakin da duhu-duhu kamar kowane ɗakin sikanin, ga gado, ga na'ura da allonta, ga wani ɗan teburi an rufe shi da koren ƙyalle. Mai sikanin, wata matashiya mai sanyin murya, ta sa mata matashi a ƙarƙashin kafaɗu yadda kanta zai faɗa baya, wuyan ya fito sosai. A daidai nan nas ta yaye ƙyallen. Kwafi ta saci kallo da wutsiyar ido, ta ga allurai a jere da wasu ƙananan gilasai. Ita kuwa mace ce da ko ɗinkin hannu ake yi kusa da ita sai ta matsa.

"Anti, kamar yadda muka yi miki bayani wancan karon," in ji mai sikanin, "allurar siririya ce ƙwarai. Zan nemo wurin a allo, likita ya shiga ya ɗan ɗebo, shi ke nan. Kada dai ki haɗiyi yawu ko ki yi magana idan an fara."

Shekarun karɓa-karɓa sun koya wa Kwafi cewa duk abin da aka ce an faɗa mata wancan karon, amsarsa to ce. Ta ce to. A ranta kuwa tana ta jera wa Yaya sunayen da ba za ta taɓa iya faɗa mata a gaba ba.

Aka matsa mata man nan mai sanyi, mai sikanin ta ɗora kan na'urar a gefen hagu na wuyanta ta fara gogawa a hankali. Ta yi sama, ta yi ƙasa. Ta juya shi a tsaye, ta juya shi a kwance. Ta ƙara mai. Ta koma dama, ko da dai ta san ba can ba ne, ta sake dawowa hagu. Kwafi tana ta kallon silin. Can mai sikanin ta ce wa nas ta kira mata likita, cikin irin muryar wadda ta ajiye abu a jaka ta zo biya ta rasa.

Likitan dattijo ne mai furfura a gira. Ya karɓi na'urar da hannunsa, shi ma ya yi nasa yawon, ya dawo hannu rabbana. Ya sa aka buɗe tsofaffin hotuna a gefe guda na allon, ya jera su, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo kujera ya zauna inda Kwafi za ta iya ganinsa ba tare da ta sauke haɓa ba, ya fara yi mata bayani.

Ya ce tsokar mai irin ciwonta ba ta fita sumul a hoto. Takan zama kamar tsohuwar katifa, nan tudu can kwari, cike da wurare masu kama da ƙullutu waɗanda ba ƙullutu ba ne, kumburi ne kawai, yau ya fito gobe ya baje. Neman abu mai haɗari a cikin irin wannan shi ne aikin da ya fi ba masu sikanin wuya. Shi ya sa da aka taɓa ganin wani ɗan ƙarami a hagu, zuwa na gaba kuma aka neme shi aka rasa, sai aka ce cikin na ƙaryar ne, aka bar maganar. To amma wancan karon ya dawo, a wuri ɗaya sak, ya kuma ƙara girma. Ya fi kewayensa duhu, bakinsa ba daidai ba, tsayinsa ya fi faɗinsa, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikinsa kamar an barbaɗa gishiri. Waɗannan alamu idan suka taru, likita ba ya sakin jiki, domin cutar kansa takan zo da irin wannan shigar. Dalilin allurar ke nan, a ɗebo a duba a tabbatar.

"Yau kuma babu shi," in ji shi, yana sosa gira. "Baiwar Allah, na daɗe a wannan aiki, ban taɓa ganin irin wannan ƙullutun yana tafiya hutu ba."

Abin da ya fara zuwa wa Kwafi daɗi ne. An ce kansa, an kuma ce babu, ga allurai za a mayar da su ba a taɓa ta ba. Har ta buɗe baki za ta yi hamdala. Sai likita ya nuna hoton farko da aka ga abin, ya faɗi lokacin da aka ɗauke shi, ita kuma ta tuna lokacin tana gida tana jinyar ƙafar da ta gurɗe a matakalar shago. Yaya ce ta zo. Hoton da babu komai, wannan ita Kwafi ce, ta tuna har ruwan da ya dake ta a hanyar komawa. Na ƙarshen kuwa, mai ɗigon gishiri, ba ya buƙatar tunani. Ashe ƙullutun a wuyan Yaya yake.

Mai sikanin ba ta daina aune-aunenta ba. Tana magana da likita ƙasa-ƙasa, tana cewa ba ƙullutun kaɗai ba ne, tsokar ma gaba ɗaya ta yi ƙanƙanta, gefen dama kuma ya canza siffa, wallahi kamar ba wuya ɗaya ba.

"Ba wuya ɗaya ba ne," in ji Kwafi, haɓa a sama, mai yana gangara mata zuwa kunne.

A kwance ta ba da labarin, domin babu wanda ya tuna ya ce ta tashi. Ta faɗi dokar shago, da katin da ya nannaɗe, da hukuncin uwa ɗaya uba ɗaya. Nas ta yi wani sauti ta mayar da shi tari, ta fita da sauri kamar an kira ta. Likita ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya yi mata wankin babban bargo, cikin murya ƙasa-ƙasa wadda ta fi tsawa zafi. Ya ce shekara da shekaru suna ƙara wa mace ɗaya magani da jinin wata, suna rage wa ɗayar da jinin 'yar'uwarta, kuma abin da ya kamata a bi sawunsa tun yana ƙarami an bar shi yana girma a ɓoye. Kwafi ta sha faɗan kamar yadda ta saba, amma wannan karon ta san nata ne.

Da ya huce ya ce ta kawo masa mai wuyan gobe da safe, zai nema mata gurbi. Ya ce irin wannan, ko da kansar ce, yawanci ana cin ƙarfinta idan an kama ta da wuri, sai dai su sun riga sun yi kyauta da lokaci mai yawa. Kwafi ta tambaya ko an gaya wa Yaya duk wannan. Mai sikanin ta ce tsaf, babu abin da aka ɓoye mata, Yaya kuma ta ce ta gane. Har ma ta tsaya ta ciro musu takardar da ta maƙale a firinta kafin ta fita.

A cikin bas Kwafi ta shirya jawabinta daga farko har ƙarshe. Za ta fara da allurar, ta bi da ƙaryar canjin tsari, ta rufe da cewa daga yau kowa ya ɗauki wuyansa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran da tsoro ke hura wa wuta. Ta maimaita jawabin har leɓenta yana motsi, matar da ke kusa da ita ta ɗan matsa.

Ta iske shago cike, injin yana ta aman takardu, ɗalibai sun cika har bakin ƙofa. Yaya ta ɗago. Ba fuskar Kwafi ta fara kallo ba, wuyanta ta kalla, tana neman filasta. Da ba ta ga komai ba sai ta tambaya, kamar ba abin da ya dame ta, me aka ce.

"Sun ce babu komai."

Kafaɗun Yaya suka sauka. Ta saki wani dogon numfashi da ta yi makonni tana riƙe da shi, ta juya ga injin, har da ɗan murmushi. Wannan murmushin ne ya rushe jawabin Kwafi gaba ɗaya. Ta kama hannunta ta ja ta ɗakin ajiya na baya, inda kwalayen takarda suka kai rufi, ta tura ƙofa.

"A wuyana ne babu komai, Yaya. Na gaya musu."

Yaya ba ta saba da a kama ta ba, don haka ta fara da faɗa. Ta ce wa ya aike ta tona asirin gida a gaban bare. Daga nan ta koma kan na'urar. Ta ce ita da ta tsufa a cikin inji ta san inji yana ƙarya, ƙura ɗaya ta hau gilashi sai ka ga ɗigo a kowace takarda, a goge gilashin ɗigon ya tafi. Kwafi ta ce gilashin nan dai da shi aka duba ta yau, kuma ya fito fes.

"Da sun soka min allurar fa?"

"Me za su soka wa? Ke ai ba ki da komai."

"To tunda kin san haka, don me kika tura ni?"

Yaya ta juya baya ta hau gyara zaman kwalayen da ba su karkace ba. Ta ɗaga ɗaya ta mayar.

"So nake in ji an ce babu," in ji ta. "Ko da a wuyanki ne."

Tunda Kwafi ta yi wayo ba ta taɓa ganin abin da Yaya ke tsoro ba. Ita ke kashe ɓera, ita ke tarar masu karɓar haraji, ita ta tsaya a kan komai lokacin da iyayensu suka rasu, ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Yanzu ga ta a tsakanin kwalaye, gyale a wuya, tana tsoro kamar kowa. Tausayinta ya kama Kwafi. Ta so ta rungume ta, amma a gidansu ba a rungumar Yaya, sai ta tsaya tana share hanci.

Yaya ba ta bari tausayin ya daɗe ba. Ta juyo ta ɗaure fuska ta ce ta ji, za ta je, amma sai an gama jarrabawa, domin shago ba ya rufewa, ita kuma ba za ta bar wa Kwafi aikin mutum biyu ta jagwalgwala wa yara kundinsu ba. Kwafi ta san wannan jarrabawar. Idan aka gama ta akwai ta masu maimaici, bayanta akwai ɗaukar sababbin ɗalibai, bayan nan kuma wata jarrabawar.

Washegari Kwafi ta riga ta zuwa. Ta buɗe shago, ta zagaya bayan babban injin, ta zare wayar wutarsa daga bango da kuma daga jikinsa, ta naɗe ta tsaf ta saka a jaka. Ta fito ta zauna a bencin waje tare da ɗaliban da suka yi sammako, jaka a kan cinya. Da Yaya ta iso ta danna maɓalli injin ya yi mata shiru, ba ta ɓata lokacin zargin wutar lantarki ba. Ta leƙo ta miƙa hannu ta ce a ba ta wayarta.

"A asibiti zan ba ki," in ji Kwafi. Ta miƙe ta kama hanyar tashar bas. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta juya wa Yaya baya tana magana.

Ba ta waiwaya ba, amma kunnenta yana baya. Ta ji an kira ta ɓarauniya. Ta ji Yaya tana shaida wa mai sayar da katin waya da mai gyaran takalmi cewa su gani da idonsu, yarinyar da ta goya ce ta sace mata waya da rana tsaka. Ta ji tana gaya wa ɗalibai kada wanda ya kuskura ya tsallaka titi, yanzu za ta ƙwato kayanta ta dawo. Sannan ta ji ƙarar da ba ta taɓa ji da safe ba, ƙarar ƙofar ƙarfe ana jawo ta ƙasa, da ƙarar kwaɗo. Yaya ce ta rufe shagon da hannunta.

Kwafi ta san akwai wata wayar a durowar ƙasa, sabuwa dal, ko ledarta ba a cire ba. Yaya ce ta saye ta, kuma Yaya ba ta taɓa manta abin da ta saya ba. Babu wadda ta ta da maganar a cikinsu. A bas Yaya ta yi ta mita tun daga tasha har ƙofar asibiti, kan rashin tarbiyyar ƙannen zamani, hannunta kuma yana damƙe da igiyar jakar Kwafi, wai don kada ta gudu da wayar.

Aka buɗe mata sabon kati da sunanta. Mai ba da kati ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya murza ido ya ci gaba da rubutu. A ɗakin ƙurya mai sikanin ta gaishe su da fara'a, ta ce yau dai tana so ta ga duk wuyan biyu a ɗaki ɗaya kafin ta taɓa kowa. Likita bai yi wa Yaya faɗa ba. Ya dube ta kawai ya ce ya ji daɗin ganinta, abin da ya sa ta hau gado ba musu. Da kanta ta warware gyalen.

Daga baya sakamako ya fito, kansar ce. Amma ƙarama ce, ba ta yaɗu ba. Aka yi aiki aka cire, kuma Yaya tana nan da ranta, tana ci gaba da tambayar mutane ko su suka sayi tawada. Kwafi takan ba da labarin nan ana dariya, musamman wajen nas mai tari. Akwai dai wuri ɗaya da ba ta cika faɗa ba, kuma shi ta fi tunawa.

Ranar allurar an bar ta ta tsaya a gefen gado, ta inda take ganin allo. Yaya ba ta ganin komai sai silin, kanta ya faɗa baya kan matashi, wuyanta a buɗe. Aka matsa mai, mai sikanin ta ɗora na'urar a hagu. Ba ta yi yawon jiya ba. Tana ɗorawa ya fito, a tsakiyar tudu da kwarin nan masu launin toka, ɗan baƙin abu wanda bai fi ƙwayar wake ba, da fararen ɗigonsa. Kwafi ta yi mamakin ƙanƙantarsa. Likita ya sa safar hannu, nas ta yaye koren ƙyalle, aka tuna wa Yaya cewa idan an fara babu magana, babu haɗiyar yawu.

Yaya ta ɗaga yatsa ɗaya, alamar a dakata. Ba likita ta tambaya ba, ba mai sikanin ba.

"Ke, duba min. Yana nan?"

Kwafi ta san amsar da Yaya take so, kuma da ana ba da aronta da ta ba ta.

"Yana nan, Yaya."

Yaya ta rufe ido. Hawaye ya fito ta gefe ya gangara mata cikin kunne, ba ta share ba. Hannunta ya yi ta lalube a bakin gado har ya samu na ƙanwarta, ya riƙe gam.

"To kada ki tafi," in ji ta.

Kwafi, wadda ko allurar ɗinki ba ta iya kallo, ta tsaya ta zuba wa allon ido har aka gama.